Ƙaura zuwa Ingila da tsohon ciki

Mai tsohon ciki da za ta koma Ingila da zama, jirgi ne matsalarta ta farko. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta bayan mako 36, ko 32 idan tagwaye ne, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita.

Katin awo a jakar hannu ya kamata ya zauna, tare da hoton ciki, rukunin jini, gwajin sikila da bayanin tiyata idan an taɓa yi mata. Da ta sauka, kada ta ɓata lokaci: tana iya neman sashen haihuwa na asibitin gwamnati (NHS) da kanta. Ko ba ta biya kuɗin lafiya tare da biza ba, ba a hana ta awo da haihuwa, sai dai a nemi kuɗin asibitin daga baya.