Babu Tsutsa a Haƙorinka

Kwanan nan bidiyon masu "cire tsutsar haƙori" ya sake yawo a WhatsApp da TikTok. Ana ƙona 'ya'yan wani tsiro a kan garwashi, mai ciwo ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sai a nuna masa fararen zarurruka a kwanon ruwa a ce ga ɓarawon nan an kama. Jama'a na ta musu a kai, har da masu ilimin boko.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Wannan zato tsoho ne ƙwarai, an same shi rubuce a allunan mutanen Babila, kuma likitan Faransa Pierre Fauchard ya ƙaryata shi tun 1728. Dabarar hayaƙin ma tsohuwa ce: zafi kan fasa ƙwayar irin, farin tsiron da ke ciki ya fito kamar tsutsa. Mai ciwo ya biya kuɗi ya tafi, ramin haƙorinsa na nan yana ƙara zurfi.

Abin da ke cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, masu zama a cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙora. Sukari ne abincinsu. Da sun samu sai su fitar da asid, shi kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori. Yawu kan wanke asid ɗin ya mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma yana buƙatar kusan rabin awa zuwa awa guda bayan kowane abu mai zaƙi.

Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Yawan lokutan da sukari ke shiga baki shi ne babbar illa. Katangar ƙasa takan jure ruwan sama guda mai ƙarfi idan rana ta biyo baya ta busar da ita. Wadda indararo ke ɗiga mata dare da rana ita ce ke zubewa. Haka bakin wanda ke kurɓar shayi mai sukari a majalisa tun daga la'asar har dare, ko mai tsotsar alewa a shago yini guda. Yawunsa bai taɓa samun sararin gyara ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da ake zubawa a ramin: ruwan batir, fetur, tabar gari, ko ƙwayar asfirin da ake dannawa a kan dasashi har ta ƙona shi. Kanumfari na rage raɗaɗi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. Idan kuwa ciwon ya ɗauke kwatsam bayan kwanaki, sau da yawa jijiyar haƙorin ce ta mutu. Daga nan mugunya ke taruwa a saiwa, kunci ya kumbura, wani lokaci kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa ya toshe numfashi. Ana mutuwa da wannan. Kumburin fuska da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya, maganar asibiti ce a ranar.

Rigakafin ba shi da tsada. A goge baki sau biyu a rana da man da ke da sinadarin fuloraid, musamman kafin barci, a tofar ba tare da kurkurewa da ruwa ba. Asuwaki na da amfani wajen kankare dauɗa, sai dai ba ya maye gurbin man.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutane kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki. Ni dai ban ga laifin ɗan ƙauyen da ya je wurin mai hayaƙi ba. Likitocin haƙori sun taru ne a manyan birane, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, alhali ƙananan asibitocin da ke kusa da talaka yawancinsu ba su da wanda zai duba ƙaramin rami ya cike shi tun bai kai jijiya ba. Wannan giɓi aikin ma'aikatun lafiya na jihohi ne su toshe shi.