Guguwar Rana da Samaniyar da Ke Bisa Kanmu

A daren 10 ga Mayu 2024 duniya ta cika da hotunan jan haske da kore a samaniyar Turai da Amurka. Guguwar maganaɗisu ce mafi ƙarfi tun bayan ta Oktoba 2003, har manoman Amurka masu taraktocin da ke bin GPS suka dakatar da shuka. Mutane da yawa sun ɗauka abin ya tsaya a ƙasashen sanyi. A'a, ya iso yankin ikwaita, sai dai a nan ido ba ya ganinsa.

Daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000 a sama akwai wani sashe da ake kira ayonosfiya, inda hasken rana ke ɓalle ilektoron daga ƙwayoyin iska, iskar ta ɗauki caji. Shi ne ke mayar da zangon rediyo ƙasa, shi ya sa dattijo a ƙauye ke kama tashar da ke wata nahiya a gajeren zango. Ta cikinsa kuma saƙon tauraron GPS ke ratsowa.

Ikwaitar maganaɗisu daban take da ta taswira. A Afirka ta Yamma ta karkata arewa, ta ratsa Najeriya, ta wuce ta kusa da Addis Ababa. A kanta layukan maganaɗisun duniya suna kwance, kuma da rana wata igiyar lantarki na gudana zuwa gabas a tsayin kilomita 100 da ɗoriya. Tashar Huancayo ta ƙasar Peru ce ta fara nuna alamarta, Sydney Chapman ya raɗa mata suna a 1951. Ƙarfin lantarkin da ke tura ta shi ke cilla iska mai caji sama, kamar bututun ruwa da ya fashe, sai ta zubo a gefe biyu, wajen digiri 15 arewa da kudu. Edward Appleton ya bayyana waɗannan tudu biyu na iska mai caji a 1946.

Idan rana ta yi aman wuta, guguwar na taɓa wannan tsari ta hanya biyu, kuma sau da yawa hanyoyin na jayayya da juna. Ta farko mai gaggawa ce: cikin mintuna lantarki daga yankin ƙanƙara ya kutso har ikwaita. In da rana ne, sai ya ƙara wa cillin ƙarfi. A ƙarshen Oktoba 2003 an ga tudun nan sun gusa har kusan digiri 30. Ta biyu tana zuwa bayan sa'o'i. Zafin da guguwar ta zuba a yankin ƙanƙara yana taso da iska zuwa ikwaita, ita kuma ta haifar da lantarkin da ke adawa da na kullum. Blanc da Richmond ne suka fayyace wannan a 1980.

A ganina, lokacin magariba ya fi komai muhimmanci. Ko ba guguwa, da faɗuwar rana ayonosfiya kan yi tsalle sama, ƙasanta ya yamutse, ramuka masu ƙarancin caji su taso su keta ta. Saƙon da ya ratsa su sai ya riƙa rawa: mai safiyo ya ga na'urarsa ta saki tauraro, ko ta nuna masa wurin da ba nan ba. Guguwar da ta iso daidai magariba tana iya tsananta ramukan. Wadda ta riga ta yini kuwa tana iya danne su gaba ɗaya, ko ta jinkirta su sai bayan tsakar dare. Guguwa ɗaya, amma abin da ta yi wa Lima ta ƙasar Peru daban da abin da ta yi wa Ilori.

Wannan ne ya sa ƙarancin na'urori a Afirka ke damuna. Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga babbar radar Jicamarca kusa da Lima, wadda ke aiki tun farkon shekarun 1960, alhali awon taurarin ɗan adam ya nuna ramukan nan sun fi yawa a sararin Afirka da Tekun Atilantika. Akwai na'urorin awon maganaɗisu na MAGDAS na Jami'ar Kyushu da aka kafa a Ilori da Legas da Abuja, akwai Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta hukumar NASRDA a Anyigba. Amma wanda zai gargaɗi matuƙin jirgin da ke dogaro da GPS don sauka a Kano da dare yana buƙatar awo na kowace sa'a, a nan, shekara bayan shekara.