Tsamiya: 'Yar Indiya Ce ko 'Yar Gida?

Dukkanmu mun san kunun tsamiya, musamman lokacin azumi. A nan ƙaramar hukumar Bagudo ma akwai garin Tsamiya, a kan iyakarmu da ƙasar Benin, hanyar zuwa Segbana. To amma daga ina wannan bishiya ta samo asali?

Sunanta na kimiyya shi ne Tamarindus indica, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa mata a 1753. Larabawa ne suka fara kiranta tamar hindi, wato dabinon Indiya, domin a can suke sayo ta. Wannan suna ya sa mutane da yawa suke zaton 'yar Indiya ce. Masana kuwa sun ce asalinta daga dazuzzukan Afirka ne masu ƙarancin ruwan sama, irin namu. Tun zamanin da aka kai ta Indiya, daga baya ta isa har Meziko. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta, mu kuwa yawanci sai wadda ta fito da kanta.

Ku lura, tsamiyoyinmu ba ɗaya suke ba. Wata 'ya'yanta dogaye ne, wata gajeru. Wata tsami kamar ta cire haƙori, wata da ɗan zaƙi. Wata ta fi jure fari. Dalili shi ne ƙwayoyin gado da ke cikin iri. Ƙudan zuma na kwasar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan, sai 'ya'ya su gaji uwa biyu. Kuma zuma ba ta san iyaka ba: tsamiyar Lolo da ta tsallaken Benin dangin juna ne.

Wannan bambanci shi ne garkuwarta. Da duk iri ɗaya ne, cuta guda ko fari guda ya isa ya share su. Duk tsohuwar tsamiyar da aka sare domin gawayi, ta tafi da irin gadonta, kuma sabuwa sai ta yi wajen shekara bakwai kafin ta haihu.

Saboda haka muna kira: kowa ya kawo ƙwallayen tsamiya daga ƙauyensu, daga bishiyoyi daban-daban, mu shuka a makaranta da faɗuwar damina.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ƙaramar sakandare