Shin Ko Kun San? Ƙananan Abubuwan Da Suka Juya Akalar Siyasar Najeriya

Shin ko kun san ƙuri'un Kano sun kusa hana Alhaji Shehu Shagari zama shugaban ƙasa a 1979? Doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohin kuwa 19 ne a lokacin, adadin da ba ya rabuwa uku. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kafa tuta, ƙiris ya rage ya kai kashi 20 cikin 100. Abokin takararsa Cif Obafemi Awolowo ya garzaya kotu, ya ce ai ba a yanka jiha gida uku, don haka jihohi 13 ake nufi. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce ina, 12 ne da biyu bisa uku: a ware biyu bisa ukun ƙuri'un Kano, a duba ko Shagari ya samu rubu'insu. Da aka auna haka, sai ya haye. Kotun Ƙoli ta amince ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar a rantsar da shi, ko da yake Mai shari'a Kayode Eso bai yarda ba. Ni dai a ganina wayon lauya ya fi yawa a lissafin nan, sai dai sojojin da ke mulki a lokacin sun riga sun ɗaure kayansu, kuma kowa ya ƙagu su tafi.

An sake irin wannan gardama a 2023 kan Abuja, inda Bola Tinubu bai samu kashi 25 ba. Kotun Ƙoli ta ce Abuja ba ta fi sauran jihohi ba.

Shin ko kun san rashin tambari a jikin akwati ne ya ceci Alhaji Umaru Dikko? Ranar 5 ga Yuli, 1984, aka sace tsohon ministan sufurin a ƙofar gidansa da ke Landan, aka ɗirka masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako za a loda a jirgin Nigeria Airways a filin jirgin sama na Stansted. Kayan jakadanci ba a buɗe su, to amma wannan akwati ba a yi masa alamar da doka ta tanada ba. Jami'an kwastan suka ɓalle shi. Ga Dikko kwance a sume da bututu a maƙogwaro, ga likita ɗan Isra'ila a takure kusa da shi yana lura da numfashinsa. An ɗaure 'yan Isra'ila uku da ɗan Najeriya ɗaya, gwamnatin Janar Buhari kuwa ta ce ba hannunta.

Haka kuma, a Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Shi kuwa Salisu Buhari, takardar Jami'ar Toronto ta bogi ce ta sauke shi daga kujerar kakakin majalisar wakilai a Yulin 1999, ko wata biyu bai cika a kai ba.

Shin ko kun san hirar rediyo ta taɓa zama wasiƙar miƙa mulki? Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba, 2009, bai rubuta wa majalisa ba, mataimakinsa Goodluck Jonathan kuma ba shi da hurumin riƙo. A Janairun 2010 aka ji muryarsa a BBC ta wayar tarho yana cewa yana samun sauƙi. Majalisar Tarayya ta kafa hujja da wannan hira a matsayin sanarwa, ta fake da ƙa'idar larura, ta naɗa Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu. Bayan nan aka yi wa sashe na 145 na tsarin mulki kwaskwarima: shugaban da ya yi kwana 21 bai aiko da wasiƙa ba, majalisa na da ikon ɗora mataimakinsa.