Lantarkin hasken rana da noman rani a fadamar Zauro

Fadamar Zauro tana kwance a kwarin kogin Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kuma shinkafa ce arzikinta. An daɗe da tsara babban aikin ban ruwa na gwamnati da zai shayar da fiye da hekta 10,000 a wannan kwari, amma abin da ya tabbata a ƙasa bai wuce gonar gwaji ta kimanin hekta 100 da aka buɗe a 1982 ba. Ruwan da ya raya noman rani ta ƙaramar hanya ya zo: gajeriyar rijiyar bututu da ƙaramin injin fetur, waɗanda shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa a shekarun 1990 har suka ture jigo. Da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, sai injinan suka ƙara yawa, noman kuma ya rataya ga farashin mai.

Wannan dogaro ne ya buɗe wa sola ƙofa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Shinkafar rani kuwa ba ta jure ƙishi. Tana neman ruwa a kai a kai na tsawon wata uku zuwa huɗu, don haka mai ya zama babban abin da ke cin jarin manomi. A ɗaya gefen, farashin faifan sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, saboda yawan ƙera shi a ƙasar Sin. Gwamnatin Jihar Kebbi ta Gwamna Nasir Idris ta raba wa manoma dubban injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, wasu kuma suka saya da kuɗinsu. Wutar gwamnati ba ta cikin lissafin, ko da yake babban layin Kainji ta Birnin Kebbi yake bi ya ƙetara zuwa Yamai. Waya ba ta shiga fadama.

Amfanin farko a bayyane yake. Kuɗin da ake kashewa kullum ya koma kuɗin da ake biya sau ɗaya. Injin sola ba ya bukatar batir: rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya tsaya, kuma lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, wato Maris da Afrilu, shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ruwan fadama ba shi da nisa a ƙasa, ƙaramin inji ya isa ya ɗago shi. Manomin da ya huta da sayen mai ba ya rage ban ruwa don tsimi, ba ya kuma cin bashin ɗan kasuwa da sharaɗin biya da shinkafa a farashin kaka. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin a nan ribar ƙaramin manomi ta saba zurarewa kafin buhu ya isa masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu ko Labana a Birnin Kebbi.

A cikin gari abin ya fi sauƙi: fitila, cajin waya, fanka, firjin ajiye allurar rigakafi, da famfon burtsatse da ke rage wa mata da yara wahalar ɗibar ruwa.

Sai dai amfanin bai rabu daidai ba. Injin sola ya fi na fetur tsada nesa ba kusa ba a ranar saye, saboda haka mai jari ko wanda rabon gwamnati ya kai gare shi ne ke fara morewa, mai 'yar gona kuwa yana nan da jarkarsa. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifai idan ba a goge shi. Dole a kwashe shi kowace yamma saboda ɓarayi, a kuma janye shi kafin ambaliyar damina, irin wadda ta cinye gonakin Kebbi a 2020. Makanikin injin fetur yana kowace kasuwa, amma mai gyaran na sola bai yawaita ba, jabun kaya kuma sun cika shaguna. Akwai wata matsalar da ba a cika ambata ba: tsadar mai ita ce takunkumin da ke hana ɓarnar ruwa. Idan jan ruwa ya zama kyauta, rijiyoyi kuma suka yi yawa, ruwan ƙasa zai iya ja baya a ƙarshen rani, musamman da yake abin da ke gangarowa kwarin ya danganta da sakin ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori.

Ƙananan tashoshin sola na gari guda, waɗanda hukumar kula da lantarki ta NERC ta yi wa ƙa'ida a 2016, su ne mataki na gaba, kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disamba 2023 don faɗaɗa irinsu a Najeriya. Irin wannan tasha ba ta riƙe kanta da kuɗin fitilun gidaje kaɗai. Sai da injin casa, injin niƙa da walda masu shan wuta da rana. Yankin Zauro yana da wannan kasuwa. Abin da ya fi ƙaranci shi ne rancen da manomi zai biya bayan girbi, da masu gyara a kusa da gona.