Wa Zai Biya Kuɗin Neman Ma'adini?

Malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Saga kamar yadda ake karanta su a Katsina da Sakkwato, sun tafi a kan cewa hukuncin ma'adinai yana hannun shugaba, ya sarrafa su bisa maslahar jama'a. Tsarin mulkin Nijar na 2010 shi ma ya tabbatar da cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'umma ne. Sai dai ma'adini ba ya zama dukiya sai an san inda yake kwance, da yawansa, da zurfinsa, wannan ilmi kuwa kuɗi yake ci ƙwarai, kuma wanda ya biya kuɗin shi ke da babbar murya ranar rabon riba.

Tarihin yuraniyom ɗinmu ya isa hujja. A shekarar 1957 masanan duwatsu na gwamnatin Faransa suna neman tagulla a Azelik suka ci karo da shi, daga nan hukumarsu ta makamashin nukiliya ta ci gaba da haƙe-haƙe da kuɗin baitulmalin Faransa, har aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, amma ba a fara fitar da shi daga Arlit ba sai 1971, watau shekara 14 ana zubar da kuɗi kafin a ga abin sayarwa. Yuraniyom ɗin Imuraren kuwa, wanda aka gano tun 1966, har wa yau bai shiga kasuwa ba. Tun da yake taswirori da sakamakon gwaji suna hannun wanda ya biya, shugabanninmu sun daɗe suna cinikin hajar da mai saye ya fi su sanin ƙimarta. Shugaba Jori Hamani ma yana tsakiyar neman ƙarin farashi ne aka hamɓarar da shi a watan Afrilu na 1974.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake. Da fari ana zana taswirar duwatsun ƙasa, sa'an nan jirgin sama ya yi ta shawagi da na'urori masu auna abin da ido ba ya gani, daga bisani a huda ramuka masu zurfi a ciro ɓargon dutse a kai ɗakin gwaji. Galibin wuraren da aka huda kuwa ba a samun abin da zai mayar da ɗawainiya, shi ya sa banki ba ya son ba da rance a wannan gaɓa, ɗan kasuwa kuma ba ya shiga sai hukuma ta share masa fage. Manoman shinkafa na Saga ba sa bukatar dogon sharhi a nan, domin sun san cewa ba don an riga an gina madatsa da magudanan ruwa waɗanda manomi ɗaya ba zai iya ginawa ba, da fadamar bakin Kwara ba ta ba da girbi biyu a shekara ba.

A yau manyan ƙasashe sun ware wasu ma'adinai, irin su litiyom da kobalt da ake yin batur da su, sun ce rashinsu barazana ce ga masana'antu da tsaro, har Tarayyar Turai ta yi doka ta musamman a kansu a 2024. Ga waɗanda suka yi shekaru suna yi mana wa'azin cewa hukuma ta tsame hannunta daga kasuwa, abin akwai ban mamaki.

Nijar ma ba ta rasa tubalan ginin aikin neman ma'adini ba. An kafa hukumar ma'adinai ta ONAREM a 1976, SOPAMIN ta gaje ta a 2007 tana riƙe da hannun jarin ƙasa; akwai cibiyar binciken ma'adinai ta CRGM, ga makarantar EMIG a ƙetaren kogi tana yaye injiniyoyi. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano, bayan shekara guda kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. A ganina karɓe mahaƙar da wani ya gano ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gano sabuwa, kuma mahaƙa tana ƙarewa, kamar yadda ta COMINAK a Akuta ta rufe a ƙarshen Maris na 2021 bayan ta yi aiki tun 1978, ta bar ɗaruruwan magidanta ba sana'a. Saboda haka idan majalisar ministoci ta bayyana kasafin kuɗin shekara, sai mai lura ya duba nawa aka ware wa taswira da injin huda da ɗakin gwaji, ya kuma tambaya ko sharuɗɗan lasisi sun wajabta wa kowane kamfani ya miƙa wa hukuma cikakken sakamakon bincikensa kafin ya tattara kayansa ya tafi.