Saurin Karatu Da Riƙe Abin Da Aka Karanta: Shawara Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Duk mai fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Kamba da Gaya, ya san cewa takarda ta zama abokiyar tafiyar ɗan kasuwa. Ga takardar duwan da Faransanci, ga ta kwastan da Ingilishi, ga rasit, ga yarjejeniyar direba, ga kuma saƙonnin farashi da ke shigowa ta waya dare da rana. Sau da yawa ana miƙo takarda ne a daidai lokacin da mota ta tashi, sai mutum ya yi mata kallo ɗaya ya rattaba hannu. Alhali kuwa sifiri guda da ido ya tsallake ya isa ya cinye ribar wata. To, shin akwai hanyar ƙara saurin karatu ba tare da abin ya zube ba?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1959 wata malama Ba'amurkiya, Evelyn Wood, ta buɗe makarantar koyar da karatun sauri, inda aka riƙa yi wa mutane alkawarin karanta kalmomi fiye da dubu a minti guda. Amma a 2016 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Keith Rayner, sun wallafa bitar binciken da aka yi shekaru da dama, suka nuna cewa idan sauri ya wuce kima, fahimta ce ke raguwa. A 2019 kuma Marc Brysbaert na ƙasar Beljiyam ya ƙiyasta cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana cin kalmomi 238 ne a minti.

Dalili shi ne, ido ba ya bin layi kamar ruwa a kwata. Tsalle yake yi, ya tsaya kimanin rubu'in daƙiƙa, ya sake yin tsalle, kuma a kowace tsayawa abin da yake amfana da shi bai wuce haruffa 15 a gabansa ba. Haka nan yakan koma baya idan wata kalma ta shige masa duhu, wannan komawar kuwa gyara ce, bai kamata a hana ta ba. Sauri kan haifi nawa, in ji masu iya magana.

Saurin gaskiya daga wurare biyu yake zuwa. Na farko, sanin kalmomi. Ido ba ya daɗewa a kan kalmar da ya saba da ita, kamar yadda dillalin shanu ba ya daɗewa wajen kimanta sa. Takardun kan iyaka kuwa kalmominsu kusan iri ɗaya ne kullum: nauyi, adadi, jimillar kuɗi, asalin kaya, ranar cikar wa'adi. Ka samu ɗan littafi ka rubuta irin waɗannan kalmomi da Faransanci da Ingilishi, da ma'anarsu da Hausa, ka riƙa dubawa idan kasuwa ta lafa.

Na biyu, sanin abin da kake nema kafin ka fara. Tun a 1946 wani malamin jami'a a Amurka, Francis Robinson, ya koyar da ɗalibai su fara duba rubutu sama-sama, su yi wa kansu tambayoyi, sannan su karanta. Ga ɗan kasuwa tambayoyin biyar ne: sunan wa ke jiki, kaya nawa ne, kuɗi nawa kuma wane iri, wace rana ce, kuma wane sharaɗi aka gindaya? Gaisuwa da dogon sharhi ana iya wuce su da sauri. Lamba da sharaɗi kuwa, a sa yatsa a bi su ɗaya bayan ɗaya.

A nan akwai tarko biyu. A takardar Faransanci, 1,5 na nufin ɗaya da rabi, domin waƙafi suke sawa inda Ingilishi ke sa ɗigo, yayin da 1,500 a takardar Ingilishi dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Sannan a bakin 'yan kasuwar Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala guda kuwa sefa 5 ce, don haka ɗari biyun baki ita ce 1000 a rubuce, wato jaka guda.

Saura batun riƙewa. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi ƙarfi jim kaɗan bayan koyo, daga baya sai ta sassauta. Maganinta kuma ba maimaita karatu ba ne kawai. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun raba ɗalibai: wasu suka yi ta nanata karanta rubutu, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu nanatawa ne a gaba, amma bayan mako guda sun riƙe kashi 40 cikin ɗari ne kacal, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 61.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba, domin almajiri ba ya wanke allo sai ya biya karatun ba tare da dubawa ba, kuma tilawa ce ke tsare haddarsa. Haka za ka yi da takarda. Da ka gama, kife ta, ka faɗa wa yaron shagonka amsoshin nan biyar da ka, sannan ka buɗe ka gani ko ka yi daidai. Ka sake gwada kanka da dare, da kuma ranar kasuwa mai zuwa.

Daga ƙarshe, ka ware minti 15 kullum ka karanta jarida ko littafi cikin harshen da ya fi ba ka wuya, domin yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Takardar da ba ka gane ba kuwa, kada kunyar jama'a ko hon ɗin direba su sa ka sa mata hannu. Nemi amintacce ya karanta maka. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.